Ɗan Iska: Ma'anar Kalmar da Yadda Ake Amfani da Ita a Zangon Lome

Kalmar ɗan iska haɗin kalmomi biyu ce, ɗa da iska. Ana ce wa mace 'yar iska, jam'i 'yan iska, halin kuwa iskanci, wanda ya faɗa cikinsa a ce ya iskance. Iska a Hausa tana da fuska biyu: wadda ke kaɗawa, da kuma iskoki na bori. Ta farko ce ta fi haska ma'anar, domin iska ba ta da gida, ba ta da wanda zai tsawata mata. Wanda aka jingina gare ta an raba shi ke nan da uba da asali.

Saboda haka kalmar ta bambanta da 'yan'uwanta. Fasiƙi hukunci ne na addini, ɗan banza yana nuna rashin amfani, ɗan daba kuwa makami da tashin hankali. Ɗan iska shi ne wanda ba ya jin kunyar kowa. A lacca da aka buga a 1974 kan mutumin kirki, masani Kirk-Greene ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da kunya da mutunci. Iskanci shi ne wofintar da su gaba ɗaya.

A Zangon Lome wannan ma'ana ta fi nauyi. Unguwa ce ta baƙi 'yan kasuwa, wadda hukuma ta rushe a 1977 ta mayar da mazaunanta kimanin kilomita 15 arewa da gari. Michel Agier, a littafinsa na 1983, ya nuna yadda fataucin unguwar ya dogara ga maigida da yaransa. Falke ya iso da shanu daga arewa, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da mahauci, sau da yawa a kan bashi ba tare da takarda ba. A nan ba a iya bin salsalar baƙo har garinsu, sai a tambaya: yaron wa ne? Wanda ba shi da maigidan da zai tsaya masa, ko ya ci amanar wanda ya tsaya masa, shi kalmar ke kamawa, kuma illarta a fili take: ba bashi, ba dillanci, neman aure ma ya yi wuya.

Nauyin kalmar ba ɗaya ba ne ga jinsi biyu. Namiji kan samu sunan saboda caca ko shaye-shaye ko cin bashi, amma 'yar iska kusan kullum zargin lalata ne, tabon da ke bin mace har ɗakin mijinta. Wannan rashin adalci ne da harshen ke ɗauke da shi, kuma ya cancanci nazari na musamman.

Tsakanin sa'o'i kuwa kalmar kan yi sauƙi. Samari a majalisar shayi kan jefi juna da "kai ɗan iska ne" cikin raha, har babur da ya ƙi tashi akan kira shi ɗan iska. Yaro dai ba ya furta ta ga babba, suruki ba ya furta ta ga surukinsa.