Asisat Oshoala: Tarihin Rayuwarta da Ƙwallonta

Asisat Lamina Oshoala, wadda aka haifa a garin Ikorodu na Jihar Legas ranar 9 ga watan Oktoba, shekara ta 1994 Miladiyya, 'yar wasan ƙwallon ƙafa ce, Bayarabiya, Musulma, wadda hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓa gwarzuwar shekara har sau shida, adadin da babu wani ɗan wasa, namiji ko mace, da ya taɓa kaiwa gare shi a wannan nahiya. Ta taka leda a nahiyoyi huɗu, ta kuma zura ƙwallo a gasar cin kofin duniya uku a jere, kuma wanda duk ya bi sawunta daga filayen ƙura na Legas zuwa manyan filayen Turai, to, haƙiƙa ya bi tarihin yadda ƙwallon mata ya tashi daga wasan da ake yi a ɓoye don gudun faɗan iyaye, ya zama sana'ar da ake ƙulla kwantiragi a kanta.

A lokacin da aka haife ta, shekara uku ke nan kacal da aka yi gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, a 1991, wadda Nijeriya ta halarta a madadin Afirka baki ɗaya. Ƙungiyar ƙasa, wato Super Falcons, ta riga ta fara suna, har ma a 1999 su Mercy Akide da Florence Omagbemi suka kai ta zagayen 'yan takwas a Amurka, inda Brazil ta fitar da su da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Amma duk da haka, a idon yawancin magidanta, 'ya mace da ke bin ƙwallo a titi tare da samari ba abin alfahari ba ce, abin tsawatarwa ce. Iyayen Asisat ba su fita daga wannan ra'ayi ba. Ta sha faɗa a hirarrakinta da 'yan jarida cewa burinsu ta yi karatu mai zurfi, cewa ta sha faɗa da horo a kan ƙwallo, kuma kakarta ce mafakarta a ranakun da gida ya yi zafi. Da ta yanke shawarar jingine karatu ta rungumi wasa gaba ɗaya, ran iyayen ya ɓaci ƙwarai, kuma mai adalci ba zai ga laifinsu ba, domin a wancan zamani babu wata hujja da za a kafa wa uba cewa ƙwallo zai ciyar da 'yarsa.

Ƙungiyarta ta farko ita ce FC Robo ta Legas, inda ta zauna daga 2009 zuwa 2013, sa'an nan ta koma Rivers Angels ta Fatakwal, ƙarƙashin koci Edwin Okon, wanda shi ne kuma ya fara saka ta a babbar ƙungiyar ƙasa a 2013. A farkon al'amarinta cikin Falcons a tsakiya take wasa, har aka yi mata laƙabi da Seedorf, sunan shahararren ɗan wasan tsakiyar nan na ƙasar Holan, saboda ƙarfin jiki da iya riƙe ƙwallo. Sai daga baya aka tabbatar da cewa wurinta gaba ne, domin baiwarta ta asali gudu ce da ƙirar jiki, irin wadda in aka jefa mata ƙwallo bayan masu tsaron baya, kafin su waiwaya ta riga ta yi musu fintinkau.

Shekarar 2014 ita ce shekarar da sunanta ya fita duniya, kuma da wuya a sami 'yar wasan da abubuwa suka taru mata cikin 'yan watanni kamar yadda suka taru wa wannan yarinya mai shekara goma sha tara. A watan Agusta aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin a Kanada, inda ta ci ƙwallo 7, huɗu daga ciki a wasa ɗaya, wato wasan kusa da na ƙarshe da aka lallasa Koriya ta Arewa da ci 6 da 2. A wasan ƙarshe, a birnin Montreal, Jamus ta yi galaba da ci ɗaya mai ban haushi a cikin ƙarin lokaci, amma duk da kofin ya kuɓuce, ita aka ba takalmin zinariya na wadda ta fi zura ƙwallo, da ƙwallon zinariya na wadda ta fi kowa iya wasa. Watanni biyu bayan haka ta bi Falcons zuwa Namibiya suka ɗauko kofin Afirka, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Shugaba Goodluck Jonathan ya ba ta lambar girma ta ƙasa, MON, hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa ta gwarzuwar shekara karo na farko, kuma a 2015, da gidan rediyon BBC ya ƙirƙiro kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya wadda masu sauraro ke zaɓa da ƙuri'a, ita ce ta fara ɗauka.

Zamanta a Ingila bai yi armashin da aka zata ba. Ta shiga Liverpool a watan Janairun 2015, ciwon gwiwa ya kwantar da ita wajen wata biyu, ƙungiyar kuma, wadda ke riƙe da kambun gasar, ta ƙare kakar a can ƙasan teburi. A 2016 ta koma Arsenal, suka ɗauki kofin FA a filin Wembley bayan sun doke Chelsea da ci ɗaya, amma ba ta sami gurbin da ya dace da ita ba. Saboda haka a farkon 2017 ta yi abin da ya ba mutane da yawa mamaki, ta tattara ta tafi ƙasar Sin, ƙungiyar Dalian Quanjian. Masu sharhi da dama sun ɗauka ta sayar da makomarta ne saboda kuɗi, kuma lalle kuɗin yana cikin lissafi, tun da a lokacin ƙungiyoyin Sin suna biyan abin da na Turai ba su biya. Sai dai 'yar wasan da ta san cewa ƙarfin ƙafa ba ya daɗewa, ga kuma dangi a bayanta, ba za a kira ta mai kwaɗayi don ta nemi haƙƙin guminta ba. A can ta sami natsuwa ƙarƙashin koci Farid Benstiti, wanda ya taɓa horar da Lyon, ta ɗauki kofin gasar ƙasar sau biyu a jere, ta kuma fi kowa cin ƙwallo a kakar farko.

A nan ya kamata a tsaya a ambaci wani al'amari da ya daɗe yana bin Falcons kamar inuwa. A ƙarshen 2016 suka je Kamaru suka ci kofin Afirka a gaban jama'ar Yawunde, Asisat ta fi kowa zura ƙwallo da guda 6, Desire Oparanozie kuma ta ci ƙwallon da ta raba gardama a wasan ƙarshe. Da suka dawo gida, maimakon shagali, sai suka yi zaman dirshan a wani otel a Abuja, suka ce ba su fita sai an biya su alawus da ladan wasannin da suke bi bashi, har ta kai su ga ɗaukar kwalaye su yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya kafin a saki kuɗin. Irin wannan ya sake faruwa a Faransa a 2019 bayan Jamus ta fitar da su daga gasar duniya. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa kusan duk gwanayen 'yan wasan mata na ƙasar nan suke ƙaura ba, alhali ƙungiyar ƙasarsu ita ce ta fi kowace ƙungiya ɗaukar kofi a Afirka.

A watan Janairun 2019 Barcelona ta karɓe ta aro, kuma a nan ne ta yi shekarun da za a fi tunawa da ita. Ranar 18 ga Mayu na wannan shekara ƙungiyar ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai karo na farko a tarihinta, a birnin Budapest, da Lyon, wadda a lokacin babu mai iya ja da ita. Kafin a cika minti talatin da ɗaya an zuba musu huɗu, uku daga ƙafar Ada Hegerberg 'yar Norway. Asisat ta taso daga benci bayan an dawo hutun rabin lokaci, ana saura minti ɗaya a tashi ta kutsa ta jefa ƙwallo a raga. Ƙwallon ba ta sauya sakamako ba, an tashi 4 da 1, amma ita ce ta farko da wata 'yar Afirka ta ci a wasan ƙarshe na wannan gasa, kuma cikin watan nan Barcelona ta saye ta gaba ɗaya. Shekara biyu bayan haka, a birnin Gothenburg na Suwidin, Barcelona ta rama wa kura aniyarta a kan Chelsea da ci 4 da nema, Asisat ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ɗaga kofin. A kakar 2021 zuwa 2022, wadda ƙungiyar ta ci dukkan wasanninta 30 na gasar Sifen, ta zura ƙwallo 20 duk da makonnin da ta yi tana jinya, ta raba kyautar Pichichi, ta wadda ta fi cin ƙwallo, da Geyse 'yar Brazil, aka kuma saka sunanta cikin masu takarar Ballon d'Or, abin da ba a taɓa yi wa mace 'yar Afirka ba. A cikin wannan kakar ce mutum 91,553 suka cika filin Camp Nou don kallon matan Barcelona da na Real Madrid. Gaskiya ne cewa ba kullum ake farawa da ita ba, domin salon Barcelona na gajerun ba-ni-in-ba-ka ne, ita kuwa 'yar fili ce mai son a sakar mata hanya, kuma magoya baya sun sha ƙorafi a kan damar da takan ɓarar; amma ta bar ƙungiyar da ƙwallo sama da ɗari, da kofin gasar ƙasa huɗu, da na zakarun Turai biyu.

A gasar duniya ta zura wa Suwidin ƙwallo a 2015 a wasan da aka tashi 3 da 3, ta ci Koriya ta Kudu a 2019 bayan ta tsere wa mai tsaron baya ta kewaye mai tsaron gida, amma wadda ta fi zama a zukatan mutane ita ce ta ranar 27 ga Yulin 2023 a Brisbane. Ostireliya ce mai masaukin baƙi, filin cike da mutanenta, ita ce kuma ta fara ci, kafin Uchenna Kanu ta farke wa Nijeriya, Osinachi Ohale ta ƙara. Asisat, wadda rauni ya hana a fara da ita, ta shigo daga benci. A minti na 72 aka cillo doguwar ƙwallo, mai tsaron baya Alanna Kennedy ta sa kai da nufin mayar wa golarta, ita kuwa gola Mackenzie Arnold ta riga ta fito, ƙwallo ta wuce ta, Asisat da ke biye da su ta cim mata a can gefe, inda raga ta tsuke kamar bakin tulu, ta buga ta shige. Cikin murna ta tuɓe rigarta ta wasa ta ruga gefen fili, alƙaliyar wasa ta ɗaga mata katin gargaɗi. Daga baya ita da kanta ta bayyana cewa mahaifinta bai ji daɗin irin wannan murna ba, kuma jama'a da yawa a gida, musamman Musulmi, sun yi ta muhawara a kai. Wani abin lura shi ne, a cikin gasar nan ɗaya, kwana uku bayan haka, Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar duniya ta manya sanye da hijabi, wanda hukumomin ƙwallo suka halatta a 2014. Mas'alar sutura dai tana daga cikin manyan dalilan da suka sa wasan mata bai yi ƙarfi a Arewacin Nijeriya kamar yadda ya yi a Kudu ba, ko da yake akwai ƙungiyoyi irin su Nasarawa Amazons ta Lafiya da suka taɓa ɗaukar kofin ƙasa. An tashi wasan da Ostireliya 3 da 2, Falcons suka wuce zagaye na biyu, inda Ingila ta fitar da su a bugun fenariti bayan an yi canjaras babu ci.

Lambobinta na gwarzuwar Afirka sun zo ne a 2014, 2016, 2017, 2019, 2022 da 2023, da haka ta zarce Perpetua Nkwocha mai huɗu. Ta kafa gidauniya da makarantar horar da 'yan mata ƙwallo a Legas, kuma abin da ake yawan ji daga bakinta shi ne kada yarinya ta bar makaranta saboda wasa kamar yadda ita ta yi, nasihar da la'alla iyayenta za su yi murmushi in sun ji.

A watan Fabrairun 2024 ta koma Amurka, sabuwar ƙungiyar Bay FC ta yankin San Francisco, kuma ita ce ta ci wa ƙungiyar ƙwallonta ta farko a tarihi, a wasan da suka doke Angel City da ci ɗaya. Daga nan ƙafar ta fara sanyi, ƙwallaye suka ragu. A watan Yulin 2025 tana cikin tawagar Falcons da ta je gasar kofin Afirka a Maroko, ta ci ƙwallon farko a wasan Tunisiya, amma ragamar ta riga ta koma hannun na baya, irin su kyaftin Rasheedat Ajibade, wadda ita ma daga FC Robo ta fito. A wasan ƙarshe a Rabat, Maroko ta yi gaba da ci biyu, Falcons suka farke suka ƙara, aka tashi 3 da 2, kofin Afirka na goma ga Nijeriya, na huɗu ga Asisat. Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kwatankwacin dala dubu ɗari da gida da lambar girma ta OON. A watan Satumba na wannan shekara ta sa hannu a kwantiragi da ƙungiyar Al-Hilal ta birnin Riyad, a gasar mata ta Saudiyya wadda aka fara a 2022.