Tuƙi a ƙananan kamfanonin sufuri na Amurka: sa'o'in aiki, sassauci da albashin ɗan kwangila

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kamfanonin dakon kaya a Amurka ba su mallaki manyan motoci sama da goma ba. A irin waɗannan kamfanoni, abubuwa biyu ne suka fi shafar rayuwar direba: yadda ake rubuta sa'o'in aikinsa, da matsayin da aka ɗauke shi a kai, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila.

Dokar sa'o'in tuƙi

Hukumar tarayya mai kula da lafiyar sufurin manyan motoci, wato FMCSA, ita ce ke ƙayyade lokacin aiki. Direban kaya ba zai yi tuƙin da ya wuce awa 11 ba, kuma dole ya kammala shi cikin awa 14 daga fara aiki, bayan hutun awa 10 a jere. Idan ya yi tuƙin awa 8, wajibi ne ya dakata na minti 30. Jimillar aikinsa ba za ta wuce awa 60 a kwana 7 ba, ko awa 70 a kwana 8.

A da direbobi kan rubuta sa'o'insu a littafin takarda, wanda yake da sauƙin yi wa coge. Daga 18 ga Disamba 2017 aka wajabta na'urar ELD, wadda ake haɗawa da injin mota tana ƙirga lokacin tuƙi da kanta.

Waɗanda aka yi wa sassauci

Babban sassaucin shi ne na masu gajeren zango. Tun daga Satumban 2020, direban da bai yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 278 a miƙe daga inda yake fara aiki ba, kuma ya dawo ya tashi daga aiki cikin awa 14, ba ya buƙatar na'ura ko littafi. Kamfani ne zai rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa da jimillar sa'o'in kowace rana, ya adana har wata shida.

Haka kuma an ɗauke wa motoci masu injin da aka ƙera kafin shekarar 2000 nauyin sanya na'urar, da direban da littafi bai hau kansa fiye da kwana 8 cikin kowane kwana 30 ba. Waɗannan za su yi amfani da takarda.

Sassaucin ya fi shafar hanyar rubutawa ne. Iyakar awa 11 tana nan daram, kuma ranar da direba ya tsallake zangon, dole ya cike littafin wannan rana.

Ma'aikaci ko ɗan kwangila

Ma'aikaci yana karɓar takardar haraji mai suna W-2. Ana cire kashi 7.65 daga albashinsa domin asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, kamfani ya biya kwatankwacinsa. Ɗan kwangila kuwa takardar 1099 ake ba shi, shi kaɗai yake ɗaukar kashi 15.3, yana biyan haraji kashi-kashi sau huɗu a shekara. Galibi ba shi da diyyar rauni a bakin aiki, ba shi da tallafin rashin aikin yi. Saboda haka kuɗin da ya fi tsoka a hannu kan iya komawa ƙasa da albashi idan aka yi lissafi.

Sunan da aka rubuta a yarjejeniya ba shi ne ke yanke hukunci ba. Hukumar haraji ta IRS tana duba wanda ke da iko a kan aikin da kayan aikin. Direban da ke jan motar kamfani, kamfani ke zaɓar masa kaya da hanya da lokaci, ya fi kusa da ma'aikaci ko da an kira shi ɗan kwangila. Jihar Kalifoniya ta tsaurara wannan ma'auni da dokar AB5 ta 2019.

Mai motar kansa da ya ba kamfani hayarta yana da kariya a dokar tarayya: a biya shi cikin kwana 15 da miƙa takardun kaya, kuma a fayyace a rubuce duk abin da za a cire daga kuɗinsa.

Inda batutuwan biyu suka haɗu

Yawancin direbobin nesa ana biyansu ne a kan kowane mil ko a kan kaso daga kuɗin kaya, kuma dokar ƙwadago ta 1938 ta cire akasarin direbobin da ke ratsa jihohi daga kuɗin ƙarin lokaci. Ke nan sa'o'in jira a wurin lodi kan tafi a banza. Idan babu na'ura ko littafi, shaidar lokacin aiki tana hannun kamfani kaɗai. Shi ya sa direban da ke adana nasa lissafin sa'o'i, da takardun kaya da na biya, yake da abin kafa hujja ranar da rikicin kuɗi ya taso, ko aka yi haɗari.