Soket

soket (suna, namiji, jam'i: soket-soket)

1. Wurin da ake cusa filogi a jikin bango don samun wutar lantarki. Misali: Kada ka taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu.

2. A fannin kwamfuta: mashigar da manhaja ke buɗewa don aikawa da karɓar bayanai tsakaninta da wata manhajar, ko a na'ura ɗaya suke ko a ƙasashe daban-daban. A intanet, ana gane soket ta adireshin IP da lambar tasha, daga 0 zuwa 65535. Shafukan yanar gizo kan yi amfani da tasha ta 80, ko ta 443 idan an sirranta saƙon.

Uwar garke, wato manhajar da ke ba da hidima, takan ƙirƙiri soket, ta ɗaura masa adireshi da umarnin bind, ta kasa kunne da listen, sannan ta amsa mai sallama da accept. Mai neman hidima kuwa connect yake kira.

Manyan nau'o'in soket biyu ne. Na TCP yana isar da bayanai a jere, ya sake aika abin da ya ɓace a hanya. Na UDP aikawa kawai yake yi ba tare da tabbacin isarwa ba, shi ya sa kiran murya ke yawan amfani da shi don gudun jinkiri.

Tsarin umarnin soket ɗin ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka, cikin babbar manhajar 4.2BSD a 1983, da harshen C. Linux da Winsock na Windows duk shi suka bi.

Misali: Ka rufe soket da zarar ka gama aiki da shi.