PlayStation 3: Na'urar da ta jefa Sony cikin asara

A ranar 11 ga watan Nuwamban 2006 ne kamfanin Sony ya fara sayar da na'urar wasannin bidiyo ta PlayStation 3 a Japan, sannan a Amurka ranar 17 ga watan.

A lokacin Sony ne ke riƙe da kambin wannan kasuwa, domin ya sayar da PlayStation 2 sama da miliyan 100 a duniya. Sai dai sabuwar na'urar ta raba shi da wannan matsayi.

Farashi da jinkiri

An sa wa na'urar farashin dala 499 da kuma dala 599 a Amurka, gwargwadon girman ma'adanarta. Kwana biyu bayan haka kamfanin Nintendo ya fito da tasa mai suna Wii a kan dala 250, yayin da Xbox 360 ta Microsoft ta riga ta shekara a kasuwa.

Abubuwa biyu ne suka haddasa tsadar: ƙwaƙwalwar Cell, wadda Sony ya ƙera tare da IBM da Toshiba, da kuma ɓangaren da ke karanta faifan Blu-ray.

Ƙarancin kayan haɗa wannan ɓangare ya sa na'urorin ba su wadata ba. Jama'a sun kwana a layi a bakin kantuna, har aka harbi wani mutum a jihar Connecticut lokacin da 'yan fashi suka far wa masu jira. Turai kuwa sai ranar 23 ga watan Maris na 2007 ta samu.

Duk da tsadar, faɗuwa Sony ke yi. Kamfanin bincike na iSuppli ya ƙiyasta cewa ƙera na'urar ta dala 599 na cin kimanin dala 840.

Masu tsara wasanni ma sun koka da wahalar aiki da Cell. A 2007 Ken Kutaragi, wanda ake ɗauka a matsayin uban PlayStation, ya sauka daga muƙaminsa, Kazuo Hirai ya gaje shi.

Yaƙin faifai

Sony ya jure asarar ce saboda takarar da ake yi tsakanin Blu-ray da HD DVD na Toshiba kan wanda zai gaji faifan DVD. Duk gidan da ya sayi PlayStation 3 ya mallaki na'urar kallon Blu-ray ke nan.

A watan Janairun 2008 kamfanin fina-finai na Warner Bros. ya zaɓi Blu-ray, a watan Fabrairu kuma Toshiba ya janye HD DVD.

Farfaɗowa

Al'amura sun fara sauyawa da fitowar wasanni irin su Metal Gear Solid 4 a 2008 da Uncharted 2 a 2009. A watan Satumban 2009 aka fito da samfuri mai ƙaramin jiki a kan dala 299, ciniki ya buɗe.

Daga ƙarshe an sayar da PlayStation 3 sama da miliyan 87, adadin da bai kai na Wii ba, wadda ta haura miliyan 100.

Da Sony ya tashi fitar da PlayStation 4 a 2013, sai ya yi watsi da Cell, ya kuma sa mata farashin dala 399.