Tinƙaho da asali a tsakanin iyaye

Tinƙaho da asali ɗabi'a ce ta auna darajar yaro da gidan da ya fito. A ƙasar Kano, har da garuruwan yamma irin su Gwarzo da Dugabau ta ƙaramar hukumar Kabo, tushenta tsohon tsarin zama ne: masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sannan sauran talakawa, mahauta da maroƙa kuwa can ƙarshe. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya bayyana tsarin a 1959, inda ya bambanta karda, wato sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta yaƙi danniyar sarauta, amma ba ta raba iyaye da tambayar "ɗan gidan wa ne?" ba, musamman wajen neman aure.

Yau kuɗin makaranta ya shiga ma'aunin. A gidan suna, uwa kan ambaci makarantar kuɗin da ɗanta yake, wadda nata ke firamaren gwamnati ta yi shiru. Yara na saurare, kuma a wurin wasa suke goranta wa juna.