Hutun Cin Abinci da Galabaitar Aiki a Tsakanin Ma'aikatan Jinya: Me Ya Bambanta Sassan Asibiti?

A binciken da Ann Rogers da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2004, nas-nas 393 sun riƙa rubuta yadda aikinsu ya gudana kowace rana. Cikin diyuti sama da 5,000 da aka tattara, waɗanda nas ta samu ta huta ko ta ci abinci ba tare da nauyin majinyata a wuyanta ba ba su kai rabi ba. Maƙalar nan tana ganin cewa abin da ke raba sassan asibiti a wannan batu shi ne samuwar wanda zai riƙe wa nas majinyatanta idan ta tashi.

Ma'aunin galabaitar aiki da aka fi amfani da shi na Christina Maslach ne da Susan Jackson, na 1981. Yana duba ƙarewar kuzarin zuciya, da bushewar tausayi ga wanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya tsinana komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa galabaitar aiki matsala ce da ke tasowa daga wurin aiki, ba ta kira ta cuta ba. Tun 2002 kuwa Linda Aiken ta nuna, a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ɗaga yiwuwar galabaitarta da kashi 23 cikin ɗari.

Lissafin Aiken ya fi fitowa fili a sashen kulawa ta musamman. Nas tana da majinyata biyu, ɗaya a kan na'urar numfashi, ɗaya ana ɗiga masa maganin da ke riƙe bugun jini. Idan za ta ci abinci sai ta ce wa ta kusa da ita, "Don Allah ki sa mini ido." Nan take ta kusan ta koma mai majinyata huɗu. Ita kuma wadda ta fita tana jiyo ƙararrawar na'ura daga ɗakin hutu, loma biyu ta rufe kwano ta dawo. A takarda dai an rubuta ta huta. Sashen gaggawa matsalarsa daban ce, domin ba wanda ke da iko da ƙofa, kuma bitar bincike 17 da Jef Adriaenssens ya jagoranta a 2015 ta gano galabaita a wajen kashi 26 cikin ɗari na nas-nas ɗin sashen. Ɗakin tiyata ya fi sa'a ta fuska ɗaya: ba a barin wurin sai wani ya karɓa.

Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ba ta wajabta hutun abinci ba, sai wasu jihohi. Kalifoniya ta fara aiki da ƙa'idar yawan majinyata a 2004: biyu ga nas ɗaya a kulawa ta musamman, huɗu a sashen gaggawa. Ƙungiyar asibitocin jihar ta garzaya kotu tana neman a cire lokacin hutu daga ƙa'idar, kotu ta ƙi. Jihar Washington ta yi dokar hutun da ba a katsewa a 2019.

Sai dai hujjar tana da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Yawancin binciken nan tambayoyi ne na lokaci guda, ba sa iya tantance ko rashin hutu ne ya jawo galabaita, ko ƙarancin ma'aikata ne ya haifi duka biyun. Rogers ma ba ta ga bambancin kuskure tsakanin masu hutu da marasa shi ba.

A Najeriya, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ba mai aikin awa shida ko fiye hutun aƙalla awa ɗaya, amma sashe na 91 ya fitar da masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikaci. Mai binciken da zai shiga asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya zai fi cin riba idan ya bi sashe-sashe yana tambayar wa ya karɓi majinyata, kuma sau nawa aka kira nas kafin ta gama cin abinci.