Idan kare ya ci cakulan: Abin da ya kamata mai shi ya yi

Cakulan abin marmari ne ga mutum, amma guba ne ga kare. Ɗan gutsuren da yaro zai cinye bai ji komai ba yana iya sa kare amai da gudawa, idan kuma ya yi yawa ya taɓa masa zuciya da ƙwaƙwalwa har ya kai shi ga mutuwa. Abin da ke raba karen da zai tashi da wanda ba zai tashi ba abu uku ne: irin cakulan ɗin da ya ci, yawansa idan aka gwada da nauyin karen, da kuma saurin kai shi wurin likitan dabbobi.

A cikin birnin Zariya ba a cika ajiye kare don sha'awa ba. Akasarin karnukan da ke cikin ganuwa da bayanta na mafarauta ne, ko na gadin gida, shago, sito da garken dabbobi. Wasu ma'aikata da 'yan kasuwa kuma kan sayi manyan karnukan ƙetare da kuɗi mai yawa domin tsaron gidajensu. Ko wane iri ne, dabbar da mutum ya ɗaure a gidansa amana ce a wuyansa, rasa ta kuma asara ce.

Me ya sa yake cutar da kare?

Ana yin cakulan ne da 'ya'yan itacen koko, wanda ake nomawa a jihohin Ondo, Osun, Kuros Riba da wasu jihohin kudu. Ba kokon gero da ake sha da ƙosai ake nufi ba, wannan ba ya da wata illa irin wadda ake magana a kai. A cikin 'ya'yan kokon akwai sinadarai biyu 'yan gida ɗaya: tiyoburomin, wanda shi ne ya fi yawa, da kafeyin, wanda aka fi sani a kofi, shayi da goro. Duka biyun suna zaburar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suna hanzarta bugun zuciya, suna kuma sa yawan fitsari.

Hantar mutum tana sarrafa tiyoburomin ta fitar da shi cikin 'yan sa'o'i. Ta kare kuwa tana jan ƙafa, domin sai an yi kimanin sa'a 17 da rabi kafin rabin abin da ya shiga jininsa ya fita. Saboda haka sinadarin ke taruwa a jikinsa, kuma alamun cutar ke iya ɗaukar kwana uku ba su gushe ba. Kyanwa ma yana cutar da ita, sai dai ita ba ta damu da zaƙi ba. Kare kuwa makwaɗaici ne, yakan haɗiye cakulan da takardarsa baki ɗaya.

Ba duk cakulan ne ɗaya ba

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: gwargwadon duhun cakulan da ɗacinsa, gwargwadon haɗarinsa. Ga kimanin yawan sinadaran a cikin kowane giram ɗaya, kamar yadda likitocin dabbobi ke aiki da shi:

Garin koko zalla, irin wanda masu yin kek ke saya: miligiram 28.
Cakulan mai ɗaci na girki, marar sukari: miligiram 16.
Baƙin cakulan mai ɗan zaƙi: miligiram 5 zuwa 6, yana kuma wuce haka idan kokonsa ya kai kashi 70 cikin 100.
Cakulan mai madara, wanda ya fi yawa a shagunan tireda: miligiram 2 da 'yan kai.
Farin cakulan: kusan babu, sai dai maiƙonsa da sukarinsa kan ɓata ciki.

Kayan shayi irin su Milo da Bournvita suna da koko a ciki, amma an gauraya shi da sukari, madara da wasu abubuwa, don haka ƙarfinsu bai kai na garin koko zalla ba. Lasar ragowar kofi ba ta cika yin komai ga babban kare ba. Karen da ya fasa gwangwani ko ya yage babbar leda ya cinye garin kuwa lamarinsa daban ne.

A ƙasar Hausa akwai abin da ya fi cakulan yawa a gidaje, wato goro. Goro yana da kafeyin mai yawa da ɗan tiyoburomin, kuma aikinsa a jikin kare iri ɗaya ne da na cakulan. Haka garin kofi da busasshen ganyen shayi. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafe su.

Yadda ake lissafi

Ana auna haɗarin ne da nauyin kare. Idan abin da ya ci ya kai miligiram 20 ga kowane kilo na nauyinsa, ana sa ran amai, gudawa da rashin natsuwa. Daga miligiram 40 zuwa 50 zuciya ke fara rikicewa. Daga 60 zuwa sama jijjiga irin ta farfaɗiya ke shigowa. Tsakanin 100 da 200 kuwa mutuwa ce ke kusa, wasu karnukan ma ba sa kaiwa nan.

A ɗauki karen gida mai kilo 15. Matakin farko a wurinsa miligiram 300 ne. Zai kai wannan mataki idan ya ci giram 130 na cakulan mai madara, ko giram 55 na baƙin cakulan, ko giram 11 kacal na garin koko, wato kamar babban cokali biyu. Zai kai matakin jijjiga da giram 32 na garin kokon, ko giram 165 na baƙin cakulan. Ɗan kwikwiyo mai kilo 4 kuwa, giram 35 na cakulan mai madara ya ishe shi kwanciya. Babban kare mai kilo 30 yana ɗaukar ninkin abin da mai kilo 15 ke ɗauka. Tsohon kare, karya mai ciki, da wanda dama yake da ciwon zuciya sun fi saurin jigata, don haka ba a jiran lissafi ya cika a kansu.

Nauyin cakulan yana rubuce a jikin takardarsa. Idan ba a tabbatar da yawan abin da ya ci ba, a ɗauka ya cinye duk abin da ya ɓace.

Alamomin da za a gani

Alamun kan bayyana ne cikin sa'a 6 zuwa 12, wani lokaci kafin haka. Da farko za a ga kare yana yawan shan ruwa, yana amai, yana gudawa, cikinsa ya kumbura, ya kasa zama wuri ɗaya. Aman yakan fito da launi da ƙanshin cakulan. Idan abin ya ci gaba sai haki, yawan fitsari, makyarkyata, tangaɗi da sandarewar jiki su biyo baya. Wanda ya ɗora tafinsa a ƙirjin karen ta bayan ƙafar gaba ta hagu zai ji zuciyar tana bugawa da sauri ko tana tsallake. Mataki na ƙarshe shi ne zafin jiki mai tsanani, jijjiga da suma.

Babban kuskuren da ake yi shi ne jiran alamu. Karen da ya ci cakulan da hantsi yana iya yini yana wasa, sai bayan isha'i ya faɗi. A lokacin gubar ta riga ta bar tumbi ta shiga jini.

Matakan gaggawa

Na farko, a kwashe ragowar cakulan ɗin, a raba karen da sauran karnuka, a ɗaure shi a inuwa.

Na biyu, a adana takardar ko gwangwanin, a rubuta lokacin da ya ci, a ƙiyasta yawan abin da ya ci da nauyin karen. Waɗannan su ne tambayoyin da likita zai fara yi.

Na uku, a kira likitan dabbobi nan take, ko a kama hanya. Sa'a biyun farko su ne mafi daraja, domin a cikinsu ne ake iya fitar da mafi yawan cakulan ɗin ta hanyar amai. Mutanen Zariya sun yi dace a nan, saboda Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, kuma yana da sashen ƙananan dabbobi da ke duba karnuka. Wanda ya fito daga cikin birni ta Ƙofar Doka zai bi Tudun Wada ya wuce Kwangila ya miƙe hanyar Sakkwato. A sa cunkoson hanya cikin lissafi, kuma a ɗauki karen a mota ko Keke Napep, kada a ja shi a ƙasa ko a ɗora shi a babur.

Na huɗu, a bar masa ruwa mai tsabta ya sha da kansa, a kuma riƙa ba shi damar yin fitsari. Idan jikinsa ya yi zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, a jiƙa masa jiki da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba.

Na biyar, idan ya fara jijjiga a janye duk abin da zai buge, a rage haske da hayaniya, a kori yara. Kada a sa masa hannu ko wani abu a baki. Da jijjigar ta lafa a naɗe shi a bargo ko buhu a tafi da shi.

Abin da ba a yi

An saba ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara. Babu ɗayansu da ke karya tiyoburomin. Maiƙonsu yana ƙara wa cikin kare wahala a kan maiƙon cakulan ɗin, kuma ɗura yana iya tura su cikin huhu. Ruwan gishiri da ake bayarwa don jawo amai shi kansa yana kashe kare idan ya yi yawa. Haka jiƙon kanwa. Gawayin murhu da aka daka ba ya aikin gawayin asibiti, wanda aka sarrafa shi musamman don ya kama guba. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibufurofen, suna lalata hantar kare, ƙodarsa da tumbinsa. Tura yatsa a maƙogwaronsa kuwa cizo kawai yake jawowa.

Ba a sa kare amai a gida sai da umarnin likita, kuma ba a yi ko kaɗan idan ya fara makyarkyata, tangaɗi ko fita hayyacinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da likita zai yi

Wannan guba ba ta da wani makari na musamman. Aikin likita shi ne ya rage abin da zai shiga jini, ya hanzarta fitar wanda ya shiga, ya kuma tallafi zuciya da ƙwaƙwalwa har haɗarin ya wuce. Idan an zo da wuri zai yi wa karen allurar amai, sannan ya ba shi gawayin asibiti, wani lokaci fiye da sau ɗaya, saboda sinadarin yakan komo hanji daga hanta ya sake shiga jini. Zai yi masa ƙarin ruwa domin ƙoda ta wanke jinin. Yana iya sa masa robar fitsari, domin jiki kan sake tsotse sinadarin daga mafitsara idan fitsari ya daɗe a ciki. Akwai maganin tsayar da jijjiga, kamar diyazefam, da na daidaita bugun zuciya. Karen da ya ci da yawa yakan kwana ɗaya zuwa uku ana lura da shi, kuma akasarin waɗanda aka kai da wuri suna warkewa sarai.

A gaya wa likita idan cakulan ɗin yana da zabibi a ciki, domin zabibi da inabi suna lalata ƙodar kare. Haka idan an rubuta cewa marar sukari ne, saboda wasu irinsa suna da sinadarin zaƙi mai suna zailitol, wanda ke karya sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Bayan an sallame shi, idan amai da ciwon ciki suka dawo cikin 'yan kwanaki, a mayar da shi.

Kada a rikita shi da haukan kare

Karen da ke dalalar da yawu, yana zabura yana jijjiga, da wuya ya tsira a unguwa, domin nan da nan za a ce ya haukace a rufe shi da jifa. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni: a ɗauki mahaukacin kare a matsayin wanda ya ci guba, a riƙa buɗe masa baki da hannu. Ciwon haukan kare yana nan a Najeriya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi.

Abin da ke nuni ga cakulan shi ne yagaggiyar takarda, amai mai ƙanshinsa, da kare mai lafiya da ya rikice cikin sa'o'i kaɗan. Abin da ke nuni ga hauka shi ne canjin hali na kwanaki, cizon duk abin da ya gani, sauyin muryar haushi, saki na muƙamuƙi da shanyewar ƙafafu, musamman a karen da ba a yi wa allurar rigakafi ba. Idan ana shakka, a killace shi a kira likita, kada a taɓa bakinsa.

Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika. Shi kuwa karen, a tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Rigakafi

Lokutan da aka fi samun wannan hatsari su ne waɗanda kayan zaƙi ke yawa a gida kuma hankali ya rabu: bukukuwan Sallah, ɗaurin aure da suna, da ranar da matafiyi ya dawo da tsaraba. A ajiye cakulan, goro da kayan shayi a kabad mai rufi ko a sama. Mai sana'ar kek ta rufe garin kokonta a roba mai murfi. Mai shagon da kare ke gadi kada ya bar katan a ƙasa, kuma kayan da suka lalace ko wa'adinsu ya ƙare a ƙone su ko a binne, kada a watsar a bola. A koya wa yara da masu gadi cewa ba a ba kare cakulan ko da gutsure ne.

Mai kare ya san nauyin karensa, ya yi masa allurar hauka kowace shekara ya adana katin, ya kuma ajiye lambar likitan dabbobi a wayarsa tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.